Aike a Rubuce: Harshen Umarni Tsakanin Manomin Tsiga da Manhajar Hira

Tsiga gari ne na manoma a cikin Ƙaramar Hukumar Bakori, a kudancin Jihar Katsina, cikin yankin nan na masara da dawa da auduga da waken suya wanda ya miƙe daga Funtuwa zuwa Malumfashi. Magidancin da ke zaune a irin wannan wuri ba ya rasa abin da zai riƙe a ka. Akwai ranar da ya yi shuka, wadda daga ita ce zai ƙirga lokacin sa taki na biyu. Akwai ladan 'yan ƙwadago da ya rage bai cika ba, da kuɗin hayar tarakta ko na shanun huɗa, da zubin adashin mai ɗakinsa, da buhun da maƙwabci ya ranta a damina da alkawarin biya in kaka ta yi. A da, ana riƙe waɗannan abubuwa da ka, ko a ja zane da gawayi a jikin bango, ko malami ya rubuta da ajami a 'yar takarda a cusa cikin gafaka. In kuwa abin na nesa ne, sai a tashi yaro a aike shi.

A yau an sami wani sabon ɗan aike wanda ke zaune cikin wayar hannu. Turawa na kiransa bot, a Hausa kuma an fara ce masa manhajar hira. Wannan maƙala za ta dubi yadda ake aikensa, da kuma inda harshen da yake ji ya saɓa da harshen mai aiken. Domin kuwa abin da zai hana shi amfani a ƙasar Tsiga ba tsadar waya ba ne kaɗai, ba kuma rashin sabis kaɗai ba. Babban cikas ɗin na harshe ne.

Mene ne Manhajar Hira?

Manhajar hira shiri ne na kwamfuta wanda ake rubuta wa magana ya ba da amsa, kamar dai ana musayar saƙo da mutum. Ba sabon abu ba ne a duniya. Tun a shekarar 1966 Joseph Weizenbaum ya ƙera wata mai suna ELIZA a jami'ar MIT ta Amurka, wadda ba ta san kome ba face tsinto wasu kalmomi daga maganar mutum ta juya su ta mayar masa da su a siffar tambaya. Irin wadda ake nufi a nan kuwa ba don hira aka yi ta ba, don aiki aka yi ta. Mutum zai rubuta mata umarni gajere, ita kuma ta ajiye masa tunatarwa, ko ta jera masa ayyukan da ke gabansa, ko ta tura kuɗi, ko ta gaya masa abin da ya rage a asusunsa. A manhajar Slack, wadda ma'aikatan ofis ke amfani da ita, akwai umarnin da ake farawa da /remind, sai a bi shi da abin da ake son tunawa da lokacinsa. Telegram ma ta buɗe wa jama'a ƙofar ƙera irin waɗannan 'yan aike a shekarar 2015.

Wajibi ne a faɗa tun da wuri cewa manomin Tsiga ba ta wannan ƙofa ya fara saduwa da abin ba. Wayar salula ta shigo Nijeriya a 2001, kuma darasin farko da kowa ya koya shi ne na alamar tauraro da lambobi da alamar tsani, watau yadda ake sa kati da duba saura. Wannan ma umarni ne a rubuce, ko da yake da lambobi aka rubuta shi. Daga nan bankuna suka ɗauka: *737# na GTBank, *894# na First Bank, *919# na UBA, da sauransu. A 2018 bankin UBA ya fito da Leo, wanda ake yi wa magana a rubuce ta Facebook Messenger, daga baya kuma ta WhatsApp. A 2023 Hukumar Sadarwa ta Ƙasa ta daidaita lambobin kamfanonin waya, har *310# ta zama lambar duba saura a kowane layi.

Sai dai abin da ya fi taɓa manomi kai tsaye shi ne shirin tallafin taki na zamanin da Akinwumi Adesina ke Ministan Gona, wanda aka fara a 2012. A wannan shiri saƙon waya ne ke sanar da manomin da aka yi wa rajista cewa ya je cibiya kaza ya karɓi buhu biyu na taki a kan rabin kuɗi. Mutanen wannan yanki ba baƙi ba ne ga malaman gona da takardunsu, tun da a Funtuwa aka kafa ɗaya daga cikin ayyukan raya noma na farko da Bankin Duniya ya tallafa wa a 1975. Amma a karon nan ba malamin gona ne ya zo a kan babur ba, rubutu ne ya faɗo cikin aljihu. Wanda ba shi da waya, ko wanda ya goge saƙon bai san abin da ya goge ba, ko wanda ya isa cibiya ya tarar babu sabis, shi ya san abin da ya gani. Shirin bai daɗe ba, amma ya bar darasi: saƙo guda na iya zama daidai da buhun kamfa.

Umarni a Hausa da Umarni a Na'ura

Hausa na da hanyoyi da yawa na sa mutum aiki. Akwai umarni tsagwaro, kamar kawo, tafi, zauna, wanda akan yi wa yaro ko tsara. Akwai mai ɗan sauƙi, ka kawo, ki zauna. Akwai na sakayawa, a kawo, a zauna, wanda ba a nuna kowa da yatsa a cikinsa, shi ne kuma wanda ya dace da babba. Sannan akwai roƙo da aka lulluɓe umarni a ciki: ko za a taimaka a duba mana. Kafin duk waɗannan kuma akwai sallama da gaisuwa, domin wanda ya faɗo wa mutum da buƙata ba gaisuwa, an san irin tarbiyyar da ya samu.

Manhaja mai tsattsauran umarni ba ta san ɗaya daga cikin wannan ba. Kalma guda take jira, a wuri guda, da rubutu iri guda. In aka yi mata sallama sai ta ce ba ta gane ba. In aka ce gobe in Allah ya kai mu, kalmomi biyar ɗin nan na ƙarshe sun isa su rikita ta. Wannan ba babbar matsala ba ce, domin mai ƙera manhaja na iya koya mata ta amsa sallama, ta kuma tsallake addu'a ta kama aikin da ke ciki. Abin dai shi ne sai mai ƙerawar ya san cewa haka Bahaushe ke magana.

Matsalar gaske tana cikin aikatau. Tun da F. W. Parsons ya fito da bayanin ajujuwan aikatau na Hausa a 1960, ɗalibai suka san cewa wasali guda ko ɗafi guda na iya juya alƙiblar aiki gaba ɗaya. A dubi waɗannan:

(1) Na sai masara buhu biyu.
(2) Na sai da masara buhu biyu.

A jimla ta farko kuɗi sun fita, hatsi ya shigo. A ta biyu hatsi ya fita, kuɗi sun shigo. Abin da ya raba su 'yar kalmar nan ce da, wadda manhajar da aka gina bisa ɗabi'ar tsintar manyan kalmomi za ta iya zubarwa a matsayin ƙura. Ga kuma wani sai da ɗin na dabam, kamar a sai da na je kasuwa, wanda babu ciniki a cikinsa ko kaɗan. Haka abin yake tsakanin na ranci dubu goma da na ranta masa dubu goma, da tsakanin na ari garma da na ara masa garma, da tsakanin ina bin sa da yana bi na. Aika da aiko ma haka: ɗaya daga nan zuwa can, ɗaya daga can zuwa nan. Duk wanda zai danƙa wa na'ura lissafin bashinsa, to, a kan waɗannan ƙananan gaɓoɓi dukiyarsa ta rataya. Bashi hanji ne, in ji Hausawa, yana cikin kowa, amma ba ɗaya ba ne a rubuta mutum cikin masu bi da a rubuta shi cikin waɗanda ake bi.

Ita kanta kalmar bashi ta isa misali. Masu rubutu a waya sun saba haɗe kalmomi, har ba shi, watau miƙa masa, ta koma bashi. Mutum ya rubuta bashi 5000. Shin umarni ne a tura wa wani dubu biyar, ko kuwa bayani ne cewa akwai bashin dubu biyar? Mai karatu ɗan Adam zai gane daga abin da ya gabata. Malaman makaranta sun daɗe suna jan kunnen yara a kan raba kalmomi, yara na ganin tsanani ne kawai na masu jarrabawa. Ga shi yanzu ƙa'idar ta zo da farashi.

Bugu da ƙari akwai karin harshe. Bakano zai ce tuna min ko tuna mini, mutumin ƙasar Katsina ya ce tuna mani. Wancan ya ce aika wa Musa, wannan ya ce aika ma Musa. Manhajar da aka koya wa ɗaya kaɗai za ta mai da ɗayan baƙo a cikin harshensa.

Baƙaƙe Masu Lanƙwasa

An sha wahala kafin rubutun boko ya zauna. Hanns Vischer, wanda Hausawa suka sani da Ɗan Hausa, ya fitar da ƙa'idojinsa a 1912. Baƙaƙen nan masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ, sun kafu a cikin shekarun 1930, zamanin da Rupert East ke jagorancin aikin talifi a Zariya, jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo kuma, wadda aka fara bugawa a 1939, ta kai su lungu-lungu. An kafa Hukumar Harshen Hausa a 1955, aka yi taron Bamako a 1966, aka kuma yi na Yamai a 1980 don daidaita rubutun Nijeriya da na Nijar. Duk wannan aiki, wayar hannu ta zo ta yi masa kallon hadarin kaji.

Dalilin kuwa ba ƙiyayya ba ce, tsari ne. Gajeren saƙon waya na ɗaukar baƙaƙe 160 in an rubuta shi da jerin baƙaƙen da aka tanada tun farko don harsunan Turai ta Yamma. Babu ɓ ko ɗ ko ƙ a wannan jeri. Da zarar ɗaya daga cikinsu ya shiga saƙo, sai wayar ta koma wani tsari wanda baƙaƙe 70 kawai yake ɗauka. Ke nan saƙo mai baƙaƙe ɗari da aka rubuta da ingantacciyar Hausa zai tafi a matsayin saƙo biyu, a kuma caji kuɗin biyu, alhali wanda aka rubuta da gurɓatacciya zai tafi a matsayin ɗaya. Da wuya a sami wata hanya da ta fi wannan saurin koya wa al'umma watsi da ƙa'idar rubutunta. Ƙananan wayoyi masu maɓallai, waɗanda su suka fi yawa a hannun manoma, galibinsu ma ba su da baƙaƙen sam. Manyan wayoyi na shafa suna da allon rubutu na Hausa ga wanda ya san yadda zai kunna shi.

Telegram kuma ta ƙayyade cewa sunan umarni sai ya fara da karan tsaye mai jirge, kada ya wuce baƙaƙe 32, kuma da baƙaƙen Turanci da lambobi da layin ƙasa (_) kaɗai za a rubuta shi. Saboda haka wanda ya so ya sa umarnin ƙara a jerin umarnin manhajarsa, dole ya rubuta kara, kalmar da ga manomi ke nufin abin da ya rage a gona bayan an cire zangarniya. Mutum zai yi dariya ya wuce. Amma abin da ya kamata masu ƙira su ɗauka daga nan shi ne, manhaja ta karɓi kudi da kuɗi a matsayin abu guda in mutum ya rubuto, ita kuwa in za ta ba da amsa ta rubuta daidai. Ta haka ba a hukunta mai ƙaramar waya ba, ba a kuma ƙara binne ƙa'ida ba.

Agogon Wane?

Nan ne maganar ta fi zurfi, domin rabin aikin irin wannan manhaja tunatarwa ne, tunatarwa kuwa ba ta yiwuwa sai an yarda a kan lokaci.

A ɗauka wani manomi ya shuka masara, yana so a tuna masa sa yuriya. Malaman gona kan ce a yi wannan tsakanin mako huɗu zuwa shida bayan shuka. In ya rubuta kwana 35, na'ura ta gane, domin lamba ce. Amma ba haka yake tsara yininsa ba. Alkawarinsa na bayan La'asar ne, ko da hantsi, ko da walaha, ko tsakanin Magariba da Lisha. Waɗannan ba sa'o'i ba ne tsayayyu. A wannan yanki faɗuwar rana na motsawa da kusan sa'a guda a cikin shekara, daga wajen ƙarfe shida a watan Nuwamba zuwa dab da ƙarfe bakwai a watan Yuli. Manhajar da ta ɗaure Magariba a kan ƙarfe shida da rabi za ta yi daidai na 'yan makonni, ta yi kuskure a sauran. Gyaran ba shi da wuya, tun da manhajojin lokutan salla sun daɗe suna lissafa wannan daga matsayin gari. Abin da ya rage shi ne a haɗa lissafin da tunatarwa. Hantsi da walaha kuwa, sai dai manhaja ta tambayi mai ita sau ɗaya ƙarfe nawa yake nufi, ta riƙe.

Sai ƙirgan kwanaki. Hausa na da kalma guda-guda ga gobe, jibi, gata da citta, abin da Turanci ba shi da shi bayan ta farko. Wannan arziki ne, kuma na'ura za ta ji daɗinsa in an koya mata, domin kowace kalma lamba ce tsaf: ɗaya, biyu, uku, huɗu. Rana ita yau ma haka take, mako guda cif. Inda ƙafa ke zamewa shi ne dare. A lissafin Musulunci, wanda Bahaushe ke bi, dare ke gaba da yini, sabuwar rana na kamawa ne daga faɗuwar rana. Daren Juma'a shi ne daren da Alhamis ta wuce ta shiga, wanda in gari ya waye Juma'a ce. Kwamfuta kuwa ba ta canza rana sai ƙarfe goma sha biyun dare. Wanda ya ce a tuna masa daren Juma'a ya kai gudummawar biki, in manhajar ta fassara maganarsa kalma da kalma, sai bayan sa'o'i ashirin da huɗu za ta taɓa shi, an riga an kai amarya. Haka kuma wanda ya farka ƙarfe ɗayan dare ya rubuta gobe da safe, safiyar da ke tafe nan da sa'o'i kaɗan yake nufi, domin a wurinsa gari bai waye ba tukuna. Na'ura za ta kai shi jibi.

Watanni ma iri biyu ne, in ba uku ba. Akwai na boko, wanda da shi ake biyan kuɗin makaranta. Akwai na Musulunci, da sunayensu na Larabci da na gida: watan Cika-ciki, watan Azumin Tsofaffi, watan Azumi, watan Sallah. Kalandar da ke cikin waya lissafi ce aka yi tun da wuri, shi kuwa wata a Nijeriya sai an gan shi Sarkin Musulmi ya ba da sanarwa, don haka bambancin kwana guda ba abin mamaki ba ne. Bashin da aka ce za a biya washegarin Sallah ba shi da tabbatacciyar rana sai daren da aka ga wata. Na uku shi ne lissafin manoma na damina da taurarinta, kowanne da kwana goma sha uku, wanda tsofaffi ke riƙe da shi, su ne kuma ke cewa watan bakwai maƙarar rani. Babu wanda ke tsammanin manhaja ta san wannan a yau. Amma ya kamata a sani cewa wanda ke rubuta mata umarni da shi yake tunani.

Game da kuɗi da awo ba sai an tsawaita ba. Jaka a bakin 'yan kasuwar Nijeriya naira 200 ce, gadon zamanin da fam ɗari ke cika jaka, fam kuwa ya zama naira biyu da aka canza kuɗi a 1973. A Maraɗi dala tamma biyar ce ta sefa, don haka dala ashirin ɗari ce a rubuce. Akwai metan da hamsaminya, akwai dubu biyu ba ɗari biyu. Tiya da mudu da kwano ba nauyi ba ne, cika ce, yawan tiyar da ke shiga buhu kuma ya danganta da buhun da kasuwar.

Sirri da Sabis

A zamanin Turawa akwai malaman wasiƙa da ke zama a bakin gidan waya, suna rubuta wa wanda bai iya boko ba. Sun san sirrin gari, an kuma san su. Magadansu a yau su ne samarin shagon cajin waya da masu POS. Lokacin ƙarancin takardun naira a farkon 2023, bayan sauya fasalin kuɗi, manoma da yawa da ba su taɓa yarda da kuɗin da ba su gani a tafin hannu ba sun sayar da amfaninsu ta hanyar tura kuɗi, don babu yadda za su yi. Wanda bai iya karanta jerin zaɓin da banki ke nunawa da Turanci ba, sai ya miƙa wayar ga wani, wani lokaci har da lambar sirri. Da umarnin da amsar duk da Hausa suke, da an rage masu miƙawa. A wancan lokaci ne kuma aka ƙara gane cewa saƙon shigar kuɗi ana iya ƙirƙirarsa na ƙarya, kuma wanda ya iya tambayar bankinsa saura da kansa kafin ya saki kaya ya fi tsira.

Akwai wani sirrin da ba a cika lura da shi ba. Abin da aka rubuta wa manhajar hira ba a cikin waya yake zama ba, yana tafiya ne zuwa kwamfutar wanda ya ƙera ta, shi kuma yana iya karantawa. Uwar adashi da ta zuba sunayen mata ashirin da zubin kowace a cikin irin wannan manhaja ta ba wani baƙo littafinta ne, ba tare da ta san ko wane ne ba. Nijeriya ta yi dokar kare bayanan jama'a a 2023, amma doka ba ta hana abin da aka riga aka miƙa da hannu. Ga mai son ajiya kawai ba tunatarwa ba, WhatsApp ta ba da damar mutum ya aika wa kansa saƙo tun ƙarshen 2022, a rubuce ko da murya, wannan kuwa ya wadatar da yawancin buƙata.

Wannan zama a nesa yana da wata illar, wadda mutanen Bakori suka gani da idonsu. A watan Satumba na 2021 aka rufe layukan sadarwa a ƙananan hukumomi goma sha uku na Jihar Katsina saboda matsalar 'yan bindiga, ciki har da Bakori da Funtuwa da Malumfashi, ba a kuma buɗe ba sai a watan Disamba. Kaka guda ke nan cur, lokacin girbi da biyan basussuka. Duk ɗan aiken da ke buƙatar sabis ya kwanta a wannan tsakani. Ƙararrawar da ke cikin wayar kanta ba ta kwanta ba, zanen gawayi a bango ma haka. Zuwa da kai ya fi aike, sai dai a lokacin hanyar ma ba lafiya.

Sabon Ɗan Aike Mai Cewa To

Tun daga ƙarshen 2022, da ChatGPT ta fito, aka shiga wani sabon yayi na manhajojin da ba sa jiran kalma ƙayyadadda. Ana rubuta masu magana yadda ta zo, su amsa, har da Hausa gwargwado. A 2024 kamfanin Meta ya sa irin tasa a cikin WhatsApp ga mutanen Nijeriya. Mai karatu zai iya cewa to ai an huta, duk matsalolin da aka lissafa sun kau.

Wasu sun ragu, gaskiya ne. Sallama ba ta rikita su, kuma sukan gane kudi ba lanƙwasa. Amma sun zo da nasu halin. Tsohuwar manhaja in ba ta gane ba takan ce ba ta gane ba. Sabuwar kuwa takan yi hasashe, ta ba da amsa cikin natsuwa da lafazi mai daɗi, ko daidai ko ba daidai ba. Hausar da ta koya daga rubutun intanet ne, wanda yawancinsa labarai ne da fassara, ba maganar kasuwar hatsi ba, kuma ɗan kaɗan ne in an gwada da Turancin da ta haɗiya. Duk wanda ya taɓa aiken yara ya san iri biyu ne: mai tsayawa ya ce ban ji ba, da mai cewa to ya ruga, ya dawo da gishiri alhali kanwa aka ce. Na farkon ya fi ban haushi, na biyun ya fi ɓarna.

Iyaye sun daɗe da sanin maganin wannan. Kafin yaro ya fita sai a ce, me na ce ka ce? Ya maimaita, a gyara masa, sannan a sake shi. Manhajar da za a ba amanar kuɗi ko alkawari ya kamata ta yi haka da kanta: ta mayar da saƙon cikin cikakkiyar jimla, ta ambaci sunan rana da kwanan wata da adadi a lamba, ta faɗi wa ke bin wa, sannan ta jira a ce mata e. Ga wanda karatun boko bai zauna masa ba, ta faɗa da murya, tun da saƙon murya ne mutanen karkara suka fi sakewa da shi.

Ragowar aikin na masana harshe ne, irin na cibiyar nazarin harsunan Nijeriya da ke Jami'ar Bayero ta Kano, da sassan Hausa na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya da Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa a Katsina. Kalmomin umarnin da ake buƙata ba su da yawa, amma kowace sai an zauna a kanta. A ɗauki guda kawai, wadda ake dannawa in an canza shawara. Soke na nufin an kashe maganar ɗungurungum. Goge da share sun shafi rubutun ne, ba alkawarin ba. Ɗaga na nufin ana nan a kan magana, rana ce ta matsa. Fasa ta fi kusa da abin da mutum ke faɗa da bakinsa, amma a rubuce ba ta da bambanci da fasa ta tulu. Bari kuwa, wadda ita ce za ta fara zuwa bakin mai magana, tana iya zama daina, tana kuma iya zama ƙyale shi yadda yake, watau kishiyar abin da ake nufi. Mai tura dubu hamsin da ya ga ya yi kuskuren lamba guda a lambar asusu, daƙiƙa kaɗan gare shi kafin layin ya yanke, kuma kalma ɗaya zai rubuta.